Hoton da na Kawo wa Inna daga Madina

Ni dillalin awaki ne, kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwar Cadakori ya san bakina tun kafin ya san fuskata. Na taɓa yabon wata jar akuya har mai ita ya fasa sayarwa, ya ja abarsa gida yana cewa ashe bai san abin da yake kiwo ba. Na taɓa gaya wa mutane cewa na ga kankana a Gazawa wadda sai da aka kafa mata tsani kafin a yanka ta. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya tashi daga wurin. Haka muke zaune da mutanen garinmu shekara da shekaru, ni in ƙara gishiri, su su rage da kansu, kowa ya koma gida da dariya.

Innata ta fi kowa iya ragewa. In na ce mutum ɗari ne suka taru, sai ta ce, "To, su ukun mi suka ce?" Ni ne autanta, kuma har furfura ta cinye mini rabin gemu ba ta daina kirana Auta ba.

Ubanta, wato kakana, ya bar gida tana ƴar ƙarama, tun zamanin Nasara, ya ce ya tafi Makka da ƙafa. Da haka talaka ke zuwa. Mutum ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas, ya yi noma a nan, ya yi ƙwadago a can, wani sai ya shekara bakwai kafin a sake ganinsa. Wasu sun dawo. Shi bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya ce ya gan shi da rai ko ya ga kabarinsa. Sai wata magana ta fara yawo a gari, irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa: wai ba Makka ya nufa ba, gudun iyali ya yi shekarar da gero bai yi ba, wai yana can ƙasar Sudan ya yi sabon aure ya manta da na baya. Da wannan maganar Inna ta girma. An yi mata gori da ita a bakin rijiya, an yi mata a gidan miji. Abu ɗaya take so ta sani a duniya, ya isa ko bai isa ba.

Ni kuwa jika ne, jika kuma yana da izinin taɓa kakansa. Nakan zauna bakin ƙofarta in ce, "Inna, tsohon nan fa yana can ya auri Balarabiya. Raƙumansa in suka fito kiwo da safe, har rana ta faɗi na ƙarshe bai bar garke ba." Takan ɗaga mafici kamar za ta jefe ni da shi, ta ce Allah ya shirye ni. Amma ba ta taɓa cewa in daina ba.

Shekarar da Allah ya kira ni aikin hajji, ana gobe zan tashi zuwa Yamai, ta aika a kira ni da hantsi. Idanunta sun riga sun yi yana, sai ta ji muryar mutum take sanin ko wane ne.

Ta ce, "Auta, ban son dabino, ban son zanen Makka. Ka tambayo mini."

Na ce, "In tambayi wa, Inna? Can ba Cadakori ba ce da za a tsayar da mutum a ce ina gidan wane."

"Kai da ba ka rasa abin cewa, yau ka rasa wanda za ka tambaya? Shina da aska irin taka da tawa. Wanda ya gan shi ba ya mance shi."

Askar da take nufi ita ce ta Gobirawa, zane shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, daga gefen baki har kusa da kunne. Ƴaƴana ba su da ita, amma ni wanzami ya same ni tun ina kwana bakwai, kuma bai yi mini rowa ba.

Madina aka fara sauke mu, kwana takwas, don mu samu salloli arba'in a masallacin Annabi mai tsira da aminci. A masauki aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani Bazabarme, tsohon mushen lakol, wato malamin makarantar boko, da ya aje alli, dogo siriri mai tabarau. Yana ganin kumatuna ya dire jakarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, sun haɗa mini har da bawan da zai ɗaukar mini kaya. Kai, wace kyanwa ta yi maka wannan aiki?"

Na ce, "Wadda ta je gidanku ta tarar ba komai sai kopto, kwaɗon ganyen nan naku, ta dawo da fushi."

Tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne tun kakanni, ba mai jin haushin wani. Daga ranar ni ne bawansa, shi ne Mushe, tare muke zuwa masallaci tare muke dawowa, muna zagin juna a hankali don kada lada ta zube.

Bayan masaukinmu akwai wani lungu inda matan Hausawa mazauna can suke sayar da tuwo da miyar kuka. Jikokin waɗanda suka je da ƙafa ne, Hausarsu ta sha Larabci har ta ƙoshi. Nan na fara cika saƙon Inna. Duk wadda ta zuba mini tuwo sai in faɗa mata sunan kakana da sunan ubansa da garinmu. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah sarki, su miƙa wa na bayana kwano. Ina neman mutumin da ya ɓace tun kafin a haifi iyayensu. A rana ta huɗu wata tsohuwa da ke zaune a gefe tana ɓare tafarnuwa ta ɗago ta daɗe tana kallon fuskata.

Ta ce, "Masu irin wannan fuska na gan su ina yarinya. Duk sun tafi."

Na durƙusa na ce, "Iya, in sun zo ina suke sauka?"

"Mai dangi ya sauka wurin danginsa. Wanda ba shi da kowa, gindin tsohon sansanin soja da ke kan tudu yake kafa tsummansa. Ginin yana nan. In kuma fuskokin mutanen da kake son gani, je ka gidan tarihi, sun liƙa su a bango."

Da na gaya wa Mushe, ya ce dole ya raka ni, don in Bagobiri ya ɓata a Madina Zabarmawa za a kama. Washegari bayan mun karya muka tari taksi.

Sansanin ginin baƙin dutse ne, duwatsun kamar an toya su a wuta kafin a jera. Yana kan ɗan tudu, manyan benaye da hanyoyin mota sun kewaye shi ta ko'ina, ya zama kamar tsohon da aka manta da shi a tsakiyar biki. Kaurin bangonsa, amalanke biyu za su wuce juna a kai. To, amalanke ɗaya, ita ma sai da dabara. A jikinsa akwai ƴan kafofi tsukakku inda ake zura bakin bindiga. Mushe ya tsaya gaban wani allo yana karantawa, yana gaya mini wai sojojin zamanin Turkawa ne suka zauna a ciki suna tsaron hanya. Ya ɗaga kai yana auna tsawon hasumiyar da ido, yana ta bayani kamar ya samu aji.

Ni ba saman ginin ya kawo ni ba. Na bar shi nan na bi gindin bango ina zagayawa. Wanda ya yi shekara talatin a kasuwa ya san inda talaka ke zama, inuwa yake bi. A ɗaya gefen na samu ƴar siririyar inuwa, faɗinta bai wuce tabarma ba. Na tattara rigata na zauna, na jingina da dutsen. Ko a inuwar zafinsa yana ratsa riga. Na dubi ƙasa. Ba komai sai gashin tattabaru da murfin gorar ruwa. Ban san abin da na zaci zan gani ba, ko sandar kakana ce na ɗauka zan tarar a jingine tana jirana.

A zaunen nan wani lissafi ya zo mini wanda ban taɓa yi ba. Duk tsawon rayuwata tsoho nake kiransa. Amma ranar da ya bar gida Inna ba ta fi shekara biyar ba, kuma ita ce ƴarsa ta fari. Ke nan saurayi ne da ƙuruciyarsa, ɗana na fari ma ya girme shi. Na tuna yadda ɗan nawa yake kirana a waya in ya je Maraɗi ya rasa motar dawowa, ransa a ɓace kamar an kai shi bangon duniya. Sai na ga wani yaro mai shekarunsa, ƙafafu duk faso, ba ya jin harshen kowa, yana neman wannan ƴar inuwar. Raƙuman da na yi shekaru ina ba shi a bakin ƙofar Inna, a wurin nan na ji kunyarsu.

Mushe ya zagayo ya same ni. Ya ce, "Tashi, bawana, dutsen nan zai dafa maka abin zama, ni kuma ba ni ɗaukar ka." Ya miƙo hannu ya ja ni.

Gidan tarihin, wanda Mushe ke ta kira mize, yana cikin gari. Muna shiga sanyin na'ura ya buge mu, har haƙorana na sama da na ƙasa suka fara gaisawa. Komai yana cikin gilashi. Takubba, tuluna, fitilun mai, Alƙur'ani rubutun hannu wanda takardarsa ta yi ja don tsufa. Na ga dutsen niƙa an ɗora shi kan jan ƙyalle an haska masa fitila, alhali irinsa sak yana tsakar gidanmu kaji na hawa. Na ce wa Mushe da na sani da na ɗauko na Inna, ƙila a ba shi ɗaki shi kaɗai. A tsakiyar wani zaure an ƙera dukan tsohuwar Madina ƙanana-ƙanana a kan tebur, da ganuwarta da ƙofofinta da gonakin dabino, gidajen kamar ashanar da aka jera. Mutane na ta nuna wa juna wurare da yatsa. Ni dai ina ta waige ina neman bangon da tsohuwar ta ce.

Wani dogon lungu ne a can ciki, hotuna marasa launi hagu da dama. Ayarin raƙuma. Masu ɗiban ruwa da salka. Kasuwa. Ina tafiya ina duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman akuyarsa a garken wani. Kusa da ƙarshe akwai wani babba, tsawonsa ya kusa nawa. Baƙaƙen mutane ne biyar zaune a gindin bangon dutse, da ƙunshin kayansu a gabansu. Na gefen dama ya ɗan juya fuska kamar wani ya kira shi, haske ya faɗa kan kuncinsa. Na matsa. Na ƙara matsawa har numfashina ya taɓa gilashin. Na ɗaga yatsa ina ƙirgawa daga gefen baki zuwa kunne.

Bakwai.

Na tsuguna. Na yi masa sallama kamar yadda ake yi wa mai rai, na ce, "Kaka, ga ni, autan ɗiyarka ne." Ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Ni da ko a gidan mutuwa sai an harare ni don kada in sa mutane dariya, ga ni tsugune a gaban bango ina sheshsheka, mutanen Indunusiya na raɓawa ta gefena a hankali.

Mushe ya matso. Ya sunkuya kan ƴar takardar da ke ƙarƙashin hoton, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake karantawa. Ya daɗe. Da ya buɗe baki bai ce bawana ba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, Innarka shekararta nawa?"

Na ce ta kai tamanin ko ta ɗan gota.

Ya ƙirga da yatsu, leɓensa na motsi. Ya ce, "Ranar da aka ɗauki hoton nan, ko uwar kakanka ba a yi wa aure ba."

Na tashi na shiga ciniki da shi kamar muna kasuwa. Na ce ƙila mai rubutun ya yi kuskure. Na ce Larabawa ƙidayar shekarunsu daban ce da ta lakol. Ya ce duka biyun aka rubuta, ta Hijira da ta Nasara, kuma bakinsu ɗaya. Na ce to askar fa? Ya ce, "Kai kaɗai ne Bagobiri a duniya?" Ya faɗa a hankali, ba da wasa ba.

Ya sake duban mutanen nan biyar. Can ya ce, "Ni daga Yamai gida zan wuce. Ban san hanyar Cadakori ba, ba ni kuma da niyyar koyo." Ya karɓi wayata, ya ja da baya ya ɗauki hoton. Da ya miƙo mini na duba, na ga ya ɗauko mutumin da bangon da ƙunshin kayansa, ya bar ƴar takardar a waje.

Da wannan hoton a wayata na sa harami. Na yi ɗawafi da shi, na yi Safa da Marwa da shi. Ranar Arfa na ɗaga hannu na roƙi Allah gafarar duk ƙaryar da na taɓa yi, daga kankanar Gazawa har tsofaffin awakin da na mayar ƴan shekara biyu, alhali ga wata sabuwa fil na shirya tana jiran a koma gida. Har kalmomin na tsara. Zan ce na same shi a bango a birnin Annabi, hukuma da kanta ta liƙa shi, duniya na zuwa kallo. Na ce a raina wannan ita ce mafi sauƙi a duk waɗanda na taɓa yi, kuma ita kaɗai ce za ta amfani wani.

A wurinmu sabon alhaji ba ya hutawa. Ana cewa an wanke shi tas, kwana arba'in addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, don haka kowa na son ya zo ya sha zamzam ya shafa hannunsa tun bai ɓaci ba. Kwana biyu zaurena bai rabu da mutane ba. Na raba dabino da tazbaha, na ba su labarin jirgin da tsawonsa sai an hau babur daga kujerar baya zuwa ta gaba. Suna dariya suna cewa Makka ma ba ta gyara shi ba. Inna na gaishe ta tun ranar da na sauka, ta shafa kaina ta sha zamzam, ba ta tambaye ni komai ba. Sai rana ta uku bayan la'asar, da ƙafa ta ɗauke, ta aika a kira ni.

Tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta sa sabon kallabi. Ta ce in matso. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Auta, tun da ka koyi magana ban taɓa ɗaukar zancenka duka ba. Kai ma ka sani. Amma yau an wanke ka, awa jinjiri ka ke. Shi ya sa ban aiki kowa ba duk shekarun nan, na jira ka tahi da kanka. Yau abin da ka ce shi zan riƙe, ban rage komi." Sannan ta ce, "Ya isa?"

Na ciro wayar na buɗe hoton na sa mata a hannu. Ta kai ta kusa da ido har ta taɓa hancinta, ta karkata ta wajen haske. Ba ta ganin komai sai duhu-duhu. Ta shafa gilashin da babban yatsa kamar mai neman zanen a jiki, hoton ya gudu, na dawo mata da shi.

Ta ce, "Mutum ne?"

Na ce, "Mutum ne, Inna. Yana zaune gindin wani bango a Madina."

"Shina da aska?"

"Bakwai a kuncin da ake gani."

Hannunta ya matse nawa. Ta ce, "Ya rame?"

Na ce, "Kaɗan."

"Shi ne?"

Kalmomin suna nan a bakina, a jere yadda na tsara su tun Makka. Da ta ce mini in rantse, ƙila da na sami hanyar zillewa, don na saba da masu sa ni rantsuwa. Da ta yi irin murmushin da takan yi in ta san zan ƙara gishiri, da na faɗa ba tare da na ji komai ba, don na san za ta rage abin da ya kamata. Amma fuskarta a buɗe take, tana jira. Duk ƙaryar da na yi a rayuwata na yi ta ne ga mutanen da suka san ƙarya ce. Ban taɓa yi wa wanda zai yarda ba, kuma ashe ban iya ba.

Na ce, "Ba shi ba ne, Inna."

Na gaya mata komai. Tsohuwa mai tafarnuwa, da inuwar gindin bango, da ƴar takardar da Mushe ya karanta. Na ce na tambaya har bakina ya gaji, ba wanda ya san shi. Ba ta saki hannuna ba, amma na ji ƙarfin riƙon yana raguwa. Awaki suka shigo daga kiwo suka wuce ta gabanmu. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Can ta ce, "Ko da ka ce shi ne, ni ban iya shaida shi. Ban riƙe huskarshi ba. Askar ma uwata ta gaya mini. Abin da na riƙe, ya ɗauke ni bisa wuya har bakin gari, ya sauke ni gindin wani gawo, ya ce in koma. Ina ganin bayanshi da gora tana lilo. Shi ke nan abin da ni ke da shi."

Ban taɓa jin wannan ba, ni da na ɗauka na san duk labarinta.

Ta sake ɗaga wayar ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ce, "To wanga ɗan wa ne?"

Na ce Allah kaɗai ya sani.

"Amma Bagobiri ne."

"Bagobiri ne."

"Kuma da ƙahwa ya tahi."

"Lokacinsu ba abin hawa, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Ashe ana isa."

Ta ce shi ma wannan yana da waɗanda ya bari, ƙila sun mutu suna jiran labari, ba wanda ya yi masa ko sadakar gumba. Ranar Juma'a ta sa aka daka gero aka yi waina, aka kira liman. Da ya tambayi sunan mamacin ta ce ba ta sani ba, wani Bagobiri ne da ya isa Madina. Liman ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Na zaci za ta ce a haɗa da ubanta. Ba ta ce ba. Har ranar ba wanda ya kawo mata labarin mutuwarsa, ita kuma ba ta yi wa mutum sadakar mutuwa da ka.

Ta sa na je Maraɗi aka wanke hoton babba aka sa shi a gilashi, na kafa mata ƙusa a bangon ɗakinta. Ba ta ganinsa, amma takan sa a goge masa ƙura. In mata suka shigo suka tambaya, sai ta ce baƙonta ne. Damina ɗaya ta ƙara a duniya. Ta rasu ana cikin yankan gero, da rana tsaka, ina kasuwa ina yabon wani bunsuru.

Da aka zo raba kayanta ba wanda ya san inda za a kai hoton, sai na ɗauko shi na rataye a zaurena. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya ƙirga askar, ya dubi fuskata, ya ce wallahi ga kama nan, har hancin. In ce ba kakana ba ne, wani ne can daban, an ɗauke shi tun kafin a haifi nawa. Sai su yi dariya su ce Alhaji ke nan, yau kuma ta nan ka ɓullo. Na rantse, na kawo lissafin Mushe, ba wanda ya saurara. Yanzu duk garin an gama magana cewa kakana ya isa Madina, har hukumar can ta liƙa hotonsa. Jikokin matan da suka yi wa Inna gori su ne ke kawo baƙi su nuna musu. Maganar Sudan ta mutu, ba mai tada ta.

Mutum ɗaya ce a Cadakori ta yarda da abin da na faɗa game da hoton nan. Nakan je kabarinta ranar Juma'a da safe, in tsuguna in yi mata addu'a, in daɗe ban tashi ba. Wani lokaci ina ganin daidai na yi. Wani lokaci kuma in tuna yadda hannunta ya matse nawa da na ce bakwai, da yadda ya saki daga baya.